Rajistar harajin VAT ga direban rabon kaya mai cin gashin kansa a Birtaniya

Wata safiya ta hunturu muna loda kwalaye a defo, wani ƙanenmu da bai fi wata biyu da fara aikin ba ya matso kusa da ni yana hura hannuwansa saboda sanyi. Ya ce, "Yaya, kamfani sun turo min saƙo wai in aiko musu da lambar VAT. Dole ne sai na yi?" Na ce masa ya bari mu tashi aiki, ya same ni a gida da takardar kwantiraginsa da duk rasit ɗin man da ya sha tun da ya fara. Abin da muka zauna muka warware a daren nan shi nake son in shimfiɗa a nan, domin 'yan'uwanmu da yawa a Landan, Manchester, Birmingham da sauran garuruwa suna cikin wannan sana'a, kuma na ga waɗanda suka yi rajistar suka amfana, na ga waɗanda ta zame musu alaƙaƙai.

Kafin komai, wannan magana ta wanda takardun zamansa suka ba shi damar yin sana'ar kansa ce. Bizar ɗalibta ba ta yarda da hakan ba. Tun daga Janairun 2024 kuma doka ta ɗora wa kamfanonin da ke raba aiki ta manhaja nauyin tattara bayanan abin da kowa ya samu su miƙa wa HMRC, hukumar tara haraji ta ƙasar. Saboda haka a ɗauka duk abin da ya shiga asusu an san da shi.

Mataki na farko: gano ko dole ne a kanka

VAT haraji ne da ake ɗorawa a kan ciniki, ba a kan riba ba. A Birtaniya kashi 20 cikin ɗari ne tun daga Janairun 2011, kuma aikin rabon kaya a cikin ƙasa yana ƙarƙashin wannan kaso. Amma ba kowane mai sana'a ne aka wajabta wa karɓarsa ba. Yana da nisabi, kamar yadda muka san dukiya ba ta shiga zakka sai ta kai wani mizani. Daga 1 ga Afrilun 2024 mizanin ya zama fam 90,000, bayan ya shekara bakwai a kan fam 85,000.

Wurare uku ne mutane suke tuntuɓe a wannan lissafi. Na farko, ana ƙirga duk kuɗin da aka biya ka ne kafin ka cire na mai, na hayar mota da na inshora. Na biyu, ba shekarar haraji ake bi ba, wadda take farawa 6 ga Afrilu. A ƙarshen kowane wata za ka waiwaya ka haɗa watanni 12 da suka wuce. Na uku, rajistar ta mutum ce, ba ta sana'a ɗaya ba. In kana rabon kaya da rana, kana kuma sayar da shadda da turare da sunanka, cinikin duka biyun wuri ɗaya ake zuba shi. Albashin da kake karɓa a matsayin ma'aikacin wani ba ya cikin lissafin.

In ka tsallake fam 90,000, kana da kwana 30 daga ƙarshen watan da ka tsallake ɗin. Misali, ka wuce a cikin Maris: ya zama ka nemi rajista zuwa 30 ga Afrilu, ta fara aiki a kanka 1 ga Mayu. Akwai kuma wata ƙa'idar ta wanda ya san zai samu fiye da fam 90,000 a cikin kwana 30 masu zuwa kaɗai, amma wannan ba kasafai take shafar direba mai mota ɗaya ba. Wanda ya makara, HMRC za ta bi shi bashin harajin tun daga ranar da ya kamata a ce ya yi rajista, ko ya karɓa a hannun kamfani ko bai karɓa ba, kuma ana iya ɗora masa tara a kai.

Gaskiyar magana, mutum ɗaya da mota ɗaya da wuya ya kai wannan adadi. Masu kaiwa su ne waɗanda suka fara ɗaukar layin rabon kaya biyu ko uku suna sa wasu direbobi a ƙarƙashinsu, domin kuɗin layukan duka ta hannunsu yake bi. Ga sauranmu, rajistar ta ganin dama ce, kuma a nan ne ake bukatar nutsuwa.

Mataki na biyu: karanta kwantiraginka, ka nemo jimla ɗaya

Tambayar da komai ya rataya a kanta ita ce: in ka yi rajista, wanda yake biyanka zai ɗora kashi 20 a kan kuɗin aikinka, ko kuwa zai ce harajin yana cikin abin da ya saba ba ka? Kada ka yarda da amsar baki daga mai kula da defo. Ka gan ta a rubuce cikin kwantiragi, ko ka aika saƙo ga sashen biyan kuɗi su amsa maka a rubuce.

Mu ɗauki direban da yake samun fam 40,000 a shekara. A ce yana kashe fam 7,200 a man dizal, fam 9,600 a hayar mota, fam 1,200 a tayoyi da gyare-gyare. Duk kuɗin da VAT yake cikinsa, in ka raba shi shida, kashi ɗaya shi ne harajin. Ke nan a cikin waɗannan fam 18,000 akwai harajin fam 3,000 da yake biya duk shekara, wanda ba shi da hanyar dawo da shi muddin ba shi da rajista.

In kamfanin zai ɗora harajin a sama, zai biya shi fam 48,000. Fam 8,000 na HMRC ne. Sai ya cire fam 3,000 da ya riga ya biya a gidan mai da gareji, ya tura fam 5,000. Kuɗin aikinsa bai ragu da ko kwabo ba, ga fam 3,000 sun dawo aljihunsa. Kamfanin ma bai yi asara ba, domin shi ma yana da rajista, zai cire nasa. Shi ya sa wasu kamfanonin rabon kaya suke ƙarfafa wa direbobinsu gwiwa su yi, wasu ma su sa ta cikin sharuɗɗan aiki.

In kuwa aka ce harajin yana ciki, labari ya sha bamban. Fam 40,000 ɗin nan ita ce dai, amma yanzu kashi ɗaya cikin shida, wajen fam 6,667, ya zama na hukuma. Cire fam 3,000, saura kusan fam 3,667 da zai zaro daga guminsa. Ya je neman ƙiba ya samo rama. Haka abin yake ga wanda yawancin masu ba shi aiki ɗaiɗaikun mutane ne, irin masu tashi daga gida zuwa gida ko ƙananan shaguna marasa rajista. Su ba su da inda za su cire harajin, don haka ko ka ƙara musu kuɗi su koma wajen wani, ko ka haɗiye shi da kanka.

Mai raba abinci a kan keke ko babur, a ganina ya bar maganar nan gaba ɗaya, sai fa in lissafi ya nuna masa wani abu daban. Abin da yake kashewa bai kai ya ɗauki ɗawainiyar cike takardu duk bayan wata uku ba.

Mataki na uku: zaɓi tsarin da za ka bi

Lissafin da na yi a sama shi ne tsarin gama-gari: ka haɗa abin da ka karɓa, ka cire abin da ka biya, ka tura ragowar. Akwai wani tsarin mai sauƙi da ake kira Flat Rate Scheme, na wanda cinikinsa bai wuce fam 150,000 a shekara ba, ban da haraji. A nan ba ka ƙirga harajin kowane rasit. Kana karɓar kashi 20 a hannun kamfani kamar kullum, amma kana biyan HMRC wani tsayayyen kaso na jimillar kuɗin, har da harajin a ciki. Ga masu sufuri da rabon kaya, kason kashi 10 ne, kuma a shekararka ta farko da rajista ana rage maka ɗaya ya koma 9.

Direbanmu na ɗazu zai biya fam 4,800 daga fam 48,000, ya riƙe fam 3,200. A shekarar farko fam 4,320 zai biya. Ka ga ya ɗan fi tsarin gama-gari a wajensa, ga sauƙin aiki. Amma da hayar motarsa ta fi haka tsada, ko injin ya buga a shekarar, da tsarin gama-gari ne zai fi masa. Sai ka yi lissafin da naka alƙaluman, kada ka ari na abokinka. Ka kuma sani rarar da ta rage maka a wannan tsari kuɗin shiga ce, za ta shiga lissafin harajinka na shekara.

Akwai tarko a ciki da ya kamata a tsaya a kansa. In kayan da kake saya don sana'ar ba su kai kashi 2 cikin ɗari na cinikinka ba, ko ba su kai fam 1,000 a shekara ba, kasonka zai tashi daga 10 ya koma 16.5. A misalinmu fam 7,920 ke nan, saura fam 80 kacal. "Kaya" a nan na nufin abin da ake taɓawa da hannu. Kuɗin haya, na waya da na akanta hidima ce, ba sa ciki. Man mota yana shiga ga mai sana'ar sufuri da ke aiki da motarsa ko wadda ya yi haya, don haka yawancinmu mun tsira. Wanda kamfani ne yake zuba masa mai da katinsu, ko wanda ya koma motar lantarki, ya zauna da akanta su duba kafin ya zaɓa.

A wannan tsari ba a dawo da harajin mai da gyara, amma an yarda ka dawo da na babbar kadara da ka saya a kan fam 2,000 ko fiye, har da haraji. Sayen motar kaya yana ciki, hayarta ba ta ciki.

Akwai kuma tsarin da ba ka biyan haraji sai kuɗin ya shigo hannunka, maimakon daga ranar da ka rubuta takardar neman biya. Yana da amfani ga wanda masu ba shi aiki suke jan ƙafa wajen biya.

Mataki na huɗu: rajistar kanta

Wannan shi ne mafi sauƙi. A shafin gwamnati na GOV.UK ake yi, kuma kyauta ne. Duk shafin da ya nemi kuɗi don ya yi maka rajista, ba na hukuma ba ne. Za ka shiga da asusunka na haraji, wanda kake cike harajin shekara da shi. Ka tanadi lambarka ta National Insurance da ake ba mai aiki a ƙasar, lambar UTR mai alƙaluma 10 da aka ba ka lokacin da ka yi rajistar sana'ar kanka, fasfo ko lasisin tuƙi, bayanan asusun banki, da ƙiyasin cinikinka na shekara. Za a tambaye ka irin sana'arka, ka rubuta ta yadda take. Za ka iya neman tsarin tsayayyen kaso a nan take, ko daga baya.

Mai rajistar ganin dama shi yake zaɓar ranar da za ta fara. Ka zaɓi farkon wata don lissafi ya zo da sauƙi, kuma ka sanar da kamfanin da kake wa aiki tun da wuri. Daga wannan rana harajin ya hau kanka, ko lambar ba ta iso ba, kuma takan ɗauki makonni. A tsakanin nan doka ba ta yarda ka rubuta VAT a takardar neman biya ba. Abin da ake yi shi ne a ƙara kuɗin da kashi 20, a shaida wa mai biya dalili, in lambar mai alƙaluma 9 ta iso a sake fitar da takardun yadda ya dace.

Yawancin manyan kamfanoni su suke rubuta takardar biya a madadinka, sai dai ku sa hannu a yarjejeniya a kan haka. Ka tura musu lambar ranar da ta zo, sannan ka buɗe takardar mako na gaba ka duba da idonka: lambarka tana jiki? An ware harajin a layinsa daban? In ba haka ba, ka bi su a makon, kada ka bari ya taru.

Mataki na biyar: kwaso abin da ka riga ka kashe

Mutane da yawa ba su san wannan ba. A takardar lissafin VAT ta farko da za ka tura wa HMRC kana iya neman harajin kayan da ka saya cikin shekara 4 kafin rajista, muddin suna hannunka har yanzu kuma don sana'ar ka saye su, da na hidimomin da ka biya cikin wata 6 kafin rajista. Motar kaya, amalanken tura kwalaye, wayar aiki, duk suna iya shiga. Man da ya riga ya ƙone ba ya ciki.

A kan mota sai an yi hattara. Motar ɗaukar kaya ana dawo da harajinta gwargwadon aikin sana'a da take yi. Ƙaramar mota ta hawa kuwa kusan a rufe ƙofar take, in dai kana iya hawanta don harkar gida, kuma in hayarta kake yi, yawanci rabin harajin hayar kawai ake dawowa da shi. Sannan ba kowace motar kaya ta hannu ce take ɗauke da VAT ba. In ka saya a hannun mutumin da ba shi da rajista, babu abin da za ka nema. Ka tambayi dillali tun kafin ku yi ciniki ko zai ba ka takarda mai nuna harajin a ware. Ranar da za ka sayar da motar da ka karɓi harajinta, kai ma sai ka ɗora kashi 20.

Inshora ba ta da VAT, wani harajin ne daban a kanta. Kuɗin shiga tsakiyar Landan da na ULEZ, wato kuɗin da ake karɓa a Landan a kan motoci masu yawan hayaƙi, ba su da shi, haka tarar ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba. Kada ka raba su shida ka zuba a lissafi. In kana zuwa cefane ko kai yara makaranta da motar aiki, ka riƙe ɗan littafi na tafiye-tafiye, ka nemi harajin man aiki kaɗai.

Mataki na shida: zama da ita duk bayan wata uku

Tun Afrilun 2022 duk mai rajistar VAT sai ya ajiye lissafinsa a kwamfuta ko waya, ya kuma tura ta manhajar da HMRC ta amince da ita. Akwai jerinsu a shafin gwamnati. Wa'adin turawa da biya wata ɗaya da kwana 7 ne bayan ƙarewar watanni ukun. Zangon da ya ƙare 31 ga Maris, wa'adinsa 7 ga Mayu. Ko ka tafi gida ka yi wata uku ba ka raba ko kwali ɗaya ba, sai ka tura takardar da ke nuna babu komai. Tun Janairun 2023 duk makara ɗaya maki ɗaya ce, in maki ya kai 4 tarar fam 200 ce, kuma kowace makara bayan nan wata 200 ɗin. Jinkirin biya yana da tasa tarar, ga kuɗin ruwa da yake hawa tun daga ranar farko, abin da da yawa daga cikinmu ba ma son ya raɓi dukiyarmu ko kaɗan.

Shekara 6 ake ajiye takardu. Daren da ƙanen nan ya zo, ya zazzage min leda guda ta rasit a kan tebur, waɗanda ya riƙa cusawa a gaban gilashin mota. Kusan rabinsu rana da zafin hita sun cinye rubutun, sai farar takarda mai santsi. Ka ɗauki hoton rasit kana tsaye a gidan man, kafin ka tayar da mota. Kuma ka ce wa mai kanti rasit na VAT kake so, wanda ke ɗauke da lambar harajinsu, domin ɗan guntun da na'urar kati take fitarwa bai wadatar ba.

Abin da ya fi kayar da mutane ba takarda ba ne. A zangona na farko na ga kuɗin mako ya ƙaru, zuciyata ta ɗauka samu ne ya ƙaru. Azumi ya zo, aka yi hidimar Sallah, na aika gida fiye da yadda na saba. Da wa'adi ya matso na buɗe manhaja na ga abin da ake bina, asusu kuwa bai kai ba. Sai da na nemi rance wajen wani ɗan'uwa, na yi wata biyu ina fita har ranar Lahadi kafin na sauke. Tun daga nan na buɗe asusu na biyu. Duk ranar da aka biya ni, kafin in taɓa komai, nake kwashe kason harajin gaba ɗaya in zuba can, domin amana ce aka ba ni ajiya. Abin da ya yi saura bayan na biya HMRC, shi ne nawa. Wanda ya riga ya faɗa irin wannan rami, ya kira HMRC tun kafin wa'adi ya wuce, suna yarda a tsara biya kaɗan-kaɗan.

VAT bai ɗauke maka harajin kuɗin shiga na shekara ba, wanda wa'adinsa 31 ga Janairu. Abu biyu ne daban, kowanne da lissafinsa.

In kana son fita

Ana iya soke rajista ta intanet in ka nuna cinikinka na watanni 12 masu zuwa ba zai kai fam 88,000 ba. In ka daina sana'ar gaba ɗaya, dole ne ka sanar cikin kwana 30. Sai dai in akwai kadarar da ka karɓi harajinta a hannunka, kamar motar kaya, kuma harajin da ke kan darajarta ta yanzu ya wuce fam 1,000, za ka biya shi a takardarka ta ƙarshe. Motar da ta kai fam 9,000 a kasuwa, fam 1,500 ke nan. Ka tanade shi kafin ka nemi sokewa.

Shi ƙanen namu, da muka karanta kwantiraginsa muka ga an rubuta cewa za a ɗora harajin a kan kuɗin aiki. Motar haya yake tuƙawa, shi yake sayen mansa. Muka lissafa wata biyun da ya yi ta hanyoyin nan biyu, tsayayyen kaso ya fi masa. Ya zaɓi 1 ga watan da ke tafe, kuma kafin ya tashi daga kan tabarma ya buɗe asusu na biyu a wayarsa.